Gadon Ƙwayoyin Cutar Dinya: Karatun da Bai Kamata Ya Jira Annoba Ba

Murar tsuntsaye nau'in H5N1, wadda ta jawo asarar ɗaruruwan miliyoyin kaji a nahiyoyi daban-daban, ta karkashe tsuntsayen daji da dabbobin teku a gaɓar Kudancin Amurka, ta kuma kutsa cikin garken shanun madara a ƙasar Amurka a shekarar 2024, tana da kaka guda wadda masana suka san inda aka fara ganinta. A shekarar 1996 ne aka ciro ta daga jikin dinyoyin kiwo da suka kamu da rashin lafiya a lardin Guangdong na kudancin ƙasar Sin. Abin da ya sa ake iya faɗin haka ba tare da shakka ba shi ne an karanta ƙwayoyin gadon wannan bairos, an adana karatun, kuma duk inda cutar ta sake ɓulla sai a karanta sabuwar a gwada ta da tsohuwar. Matsayata a wannan sharhi ita ce, karanta gadon bairos ɗin da ke kama dinyoyin kiwo aiki ne da ya cancanci a riƙa yin sa kullum, ko ana annoba ko ba a yi, a kuma baje sakamakonsa a fili kowa ya gani, domin dinya tana tsaye ne daidai mashigar da cututtukan daji ke bi su shigo gida. Akwai masu ganin wannan almubazzaranci ne, akwai kuma masu ganin an zuzuta amfaninsa fiye da kima. Hujjojinsu suna da nauyi, sun kuma cancanci a ba su amsa.

Sai an san yadda ake kiwon wannan tsuntsuwa sannan za a gane dalilin da ya sa ta zama mashiga. Fiye da kashi 90 cikin 100 na naman dinya da ake samarwa a duniya daga ƙasar Sin yake fitowa, inda ake yanka ɗaruruwan miliyoyi a kowace shekara, kuma gasasshiyar dinya abincin alfarma ce a Guangdong da Hong Kong. A Turai kuwa Hungari da Poland ne kan gaba, suna kiwo domin nama da kuma lallausan gashin da ake cusawa a rigunan sanyi da barguna, kasuwarsu tana ci sosai a Jamus daga watan Nuwamba zuwa Kirsimeti. Kajin gidan gona ana iya kulle su a ɗaki tun daga ƙyanƙyasa har zuwa yanka, amma dinya ciyawa take kiwo, tana son sarari, tana son ruwa. Tafkin da take wanka a ciki shi ne wanda agwagin daji da dinyoyin daji ke sauka su sha, su yi kashi, a lokacin ƙaurarsu. Su kuwa danginta ne na jini, domin dinyoyin gida na Turai daga wata dinyar daji mai ruwan toka suka samo asali, akasarin na Sin kuma daga wata mai dogon wuya ta gabashin Asiya. Ƙwayar da ta saba da jikin ta daji ba ta shan wahalar zama a jikin ta gida. Daga tafki kuma sai kasuwar tsuntsaye masu rai, inda ake jera kejin dinya kusa da na kaji da agwagi da salwa, ruwan wanke wannan yana gangarawa ƙarƙashin wancan.

To, me ake karantawa? Bairos abu ne ƙanƙani ƙwarai, ba shi da komai sai ɗan umarnin gado a naɗe cikin kwanso, kuma ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar jikin wani mai rai ya tilasta mata ta riƙa kwafar sa. Umarnin a jere yake da sinadarai iri huɗu da masana suka yi wa alama da haruffa, na wasu a kan DNA, na wasu a kan RNA. Gajere ne idan aka kwatanta da na ɗan Adam mai haruffa biliyan uku: bairos ɗin da ke kashe 'yan tsakin dinya a makon farko yana da haruffa wajen 5,000, na murar tsuntsaye kuma wajen 13,500 a rarrabe cikin gutsure takwas. Duk lokacin da aka kwafa ana iya samun kuskuren harafi, kuma kuskuren yana bin zuriya. Wanda ya san yadda ake kwafar littattafai da hannu a zaurukan malamai zai gane wannan nan take. Idan mai kwafa ya tsallake wata kalma, duk wanda ya ɗauka daga nasa zai gaji tsallaken, har ta kai mai lura yana iya tara kwafi goma ya faɗi wanne aka ɗauko daga wanne. Da irin wannan lissafi masana ke zana salsalar ƙwayoyin cuta, su gane wadda ta haifi wata, su kuma ƙiyasta lokacin da rassa biyu suka rabu.

Amfani na farko shi ne sanin ko wace ce ke kisa, kuma tarihin kiwon dinya ya nuna irin tsadar rashin wannan sani. A shekarar 1969 aka fara bayyana wata cuta a ƙasar Hungari da ke kama dinyoyi 'yan makonni, ƙodarsu ta kumbura, hanjinsu ya yi jini, ruwa ya taru a ciki, su faɗi su mutu ba zato. Cutar ta bayyana daga baya a Jamus da Faransa, kuma an daɗe ana ɗaukar ta a matsayin wani salo ne kawai na tsohuwar cutar 'yan tsaki da aka riga aka sani, wanda ke zuwa a makare. Sai a shekarar 2000, bayan shekara 31, masu bincike a makarantar likitancin dabbobi ta Toulouse a Faransa suka karanta gadon ƙwayar suka tabbatar cewa wani bairos ne dabam daga dangin da ake kira foliyoma, wanda ba shi da alaƙa da wanda ake tuhuma. Daga wannan karatu aka iya ƙirƙiro gwajin da ke gano ƙwayar a jikin tsuntsu ko da bai nuna alamar ciwo ba, gwajin kuma ya fallasa cewa agwagi suna ɗauke da ita suna yawo lafiya lau. Makiyayin da ke haɗa agwagi da dinyoyi a fili guda ya samu amsar da ta shafi aljihunsa kai tsaye.

A gwada wannan da abin da ya faru a Sin wajajen 2016 da 2017. Makiyaya a lardunan gabas irin su Shandong da Jiangsu da Anhui suka fara ganin 'yan tsakin dinya da ba su wuce mako uku ba suna daina cin abinci, suna ɗingishi, suna sakin farin zawo, har a wasu garkunan kusan rabi su mutu. Idan likitan dabbobi ya tsaga gawa sai ya tarar da wani farin gishiri ya lulluɓe zuciya da hanta, ya cika gaɓoɓin ƙafa, ƙoda kuma ta kumbura ta koɗe. Gishirin fitsari ne da ƙoda ta kasa fitarwa. A ilimin da aka gada, irin wannan ciwo yana da nasaba da abinci mai sinadarin gina jiki fiye da kima, ko ƙarancin ruwan sha, ko guba, don haka hankali ya fara karkata ga buhun abinci. Karatun gado ne ya juya akalar binciken. An samu wani sabon bairos daga dangin astiro, mai haruffa 7,000 da 'yan kai, a gawawwakin da aka tattaro daga gonaki masu nisa da juna, kuma karatunsu ya kusan zama iri ɗaya, alamar cewa abu guda ne ke yaɗuwa. A shekarar 2018 an riga an wallafa cikakken bayaninsa. Bincike ya kuma gano ƙwayar a cikin ƙwai da 'yan tayin da suka mutu kafin ƙyanƙyasa, wanda ya nuna cewa dole a sa ido kan iyaye mata da wuraren ƙyanƙyasa. Abin da ya ci shekara 31 a Turai ya ɗauki kimanin shekara biyu a wannan karon.

Amfani na biyu shi ne ganin ƙwaya tana tsallaka katanga daga wani jinsi zuwa wani. Tsohuwar cutar 'yan tsakin dinya, wadda wani masanin ƙasar Sin mai suna Fang Dingyi ya fara bayyanawa a Yangzhou a 1956, daga baya aka sa mata sunan likitan dabbobi ɗan Hungari Domokos Derzsy, tana iya share ɗaukacin 'yan tsakin da ta kama a makonsu na farko. Bairos ne daga dangin farbo, kuma shekara da shekaru an san shi da dinya da kuma irin agwagwar nan mai jan tsiro a fuska da aka fi sani a gidajenmu. A shekarar 2015 sai wani ciwo ya ɓulla a manyan gonakin agwagin nama a Sin, irin agwagin da ake zaton wannan ƙwaya ba ta taɓa su. Baki ya gajarce, harshe ya zubo waje ya kasa komawa, ƙashi ya yi rauni, tsuntsu ya tsumbure ya ƙi girma. Da aka karanta gadon ƙwayar sai aka ga wani reshe ne na bairos ɗin dinya, makusancin wanda aka riga aka samu a agwagin Turai masu irin wannan ciwo. An kuma samu wasu ƙwayoyin da wani yanki na gadonsu na bairos ɗin dinya ne, sauran na ɗan'uwansa na agwagwa, wato biyun sun haɗu a jiki guda sun yi musayar sassa. Da ido ba a ganin wannan, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A murar tsuntsaye ne wannan musaya ta fi zama haɗari, saboda gutsure takwas ɗin nan. Idan ƙwayoyin mura iri biyu suka shiga ƙwayar jiki guda, 'ya'yan da za su fito suna iya ɗauko wasu gutsure daga nan, wasu daga can. A 1997 mutum 18 suka kamu da H5N1 a Hong Kong, shida suka mutu, na farkonsu yaro ne ɗan shekara uku, kuma a ƙarshen shekarar hukuma ta hallaka tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya a gonaki da kasuwanni. Karatun gado ya nuna cewa gutsuren da ke ƙera ƙugiyar da ƙwayar ke maƙalewa da ita a jiki daga bairos ɗin dinyar Guangdong ya fito, sauran kuma sun fi kama da na wasu ƙwayoyin mura marasa zafi da ke yawo a jikin salwa da wasu tsuntsaye. Ke nan a cakuɗar kasuwa aka haɗa makashin. Wannan fahimta ta taimaka wajen sauya doka, inda Hong Kong ta raba agwagi da dinyoyi daga kaji, ta mayar da yankansu wuri na musamman. Gaskiya ne cewa wancan haɗin na 1997 ya ɓace bayan kisan tsuntsayen, amma a 1999 an sake samun dangin ƙwayar Guangdong a wajen dinyoyin da aka shigo da su birnin. Uwar ba ta mutu ba, kuma da ba a ci gaba da karantawa ba da an ɗauka an gama.

Daga nan salsalar ta miƙe har ta iso mu. A 2005 tsuntsayen daji fiye da 6,000 suka mutu a tafkin Qinghai na yammacin Sin, akasarinsu dinyoyin daji masu ratsi a ka. Cikin watanni reshen da ya kashe su ya bayyana a Rasha da Turkiyya da Turai, sannan a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da shi a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. A wannan wata ne kuma aka same shi a Magariya ta Jamhuriyar Nijar. Abin da hankali zai fara kawowa shi ne cutar ta shigo ta ƙofa ɗaya ta bazu. Amma binciken da masana na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsu na Turai suka wallafa a mujallar Nature a shekarar ya nuna rassa uku ne mabambanta, kowanne da nasa shigowar. Haka kuma da cutar ta dawo Kano da Legas a farkon 2015, karatun ya nuna sabon reshe ne daga waje, ba ragowar na 2006 ne ya farfaɗo ba. Bambancin yana da muhimmanci ga mai tsara kariya, domin idan ragowa ce to a cikin gida ɓarakar take, idan kuma sabuwar shigowa ce to sai a dubi kan iyaka, da safarar 'yan tsaki, da dausayin da tsuntsaye masu ƙaura ke sauka irin na Haɗeja da Nguru.

Amfani na uku shi ne daidaita allurar riga-kafi da abokin gaba na yanzu. Masana a Cibiyar Binciken Dabbobi ta Harbin, ƙarƙashin jagorancin Chen Hualan, sun ɗauki gutsure biyu na fatar ƙwayar dinyar Guangdong, suka cire ɗan jerin haruffan da ke ba ta zafin kisa, suka ɗora su a kan wata ƙwayar mura mai saurin hayayyafa a cikin ƙwai, suka samar da irin allurar da aka yi wa biliyoyin tsuntsaye. Tun daga nan an sauya irin sau da dama, duk lokacin da karatu ya nuna ƙwayar da ke gonaki ta yi nisa da wadda ke cikin kwalba. Haka aka yi da cutar Niyukasil, wadda masu kaji a ƙasar Hausa suka san ɓarnarta a lokacin hunturu. An daɗe ana cewa ba ta cika kashe tsuntsayen ruwa ba, sai a 1997 ta fara kashe dinyoyi a kudanci da gabashin Sin. Karatu ya nuna reshe ne da ya yi nisa da tsohuwar allurar da aka samo asalinta a Amurka tun shekarun 1940, don haka masana a Jami'ar Yangzhou suka gina sabuwar allura daga ƙwayar da aka samo a jikin dinya.

Sai kuma hujjojin masu sukar wannan aiki. Suka ta farko ita ce ta kuɗi. Mai wannan ra'ayi zai ce makiyayin da 'yan tsakinsa ke mutuwa ba jerin haruffa yake nema ba, tsabta da ruwa mai kyau da allura yake buƙata, kuma duk kuɗin da ya tafi ɗakin gwaje-gwaje an rage shi ne daga waɗannan. Na yarda cewa tsabta ita ce ginshiƙi, kuma babu karatun da zai maye gurbin wanke keji da killace sabbin tsuntsaye. Sai dai allurar da ake cewa a saya, da gwajin da likita ke yi ya faɗi sunan cuta cikin yini guda, dukansu 'ya'yan wannan karatu ne. Makiyayin da ya yi ta sauya abinci yana sayen maganin kashe ƙwayoyin bakteriya domin ciwon da bairos ne ya haddasa shi, ya kashe kuɗi a banza, ya kuma taimaka wajen sa magungunan su daina aiki. Ga shi kuma farashin karatun ya faɗi warwas. Akwai na'urar da ba ta kai girman wayar hannu mai faɗi ba, ana jona ta da kwamfuta, an yi aiki da ita a Gini lokacin annobar Ebola a 2015. A watan Maris na 2020 wata cibiya a Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta karanta gadon ƙwayar korona, karatu na farko da ya fito daga Afirka. Ƙwarewar tana nan, abin da ya rage shi ne a yarda cewa tsuntsu ma ya cancanci a yi masa.

Suka ta biyu ta fi ta farko kaifi. Samun gadon bairos a jikin mataccen tsuntsu bai tabbatar da cewa shi ne ya kashe shi ba. Na'urorin zamani suna karanta duk abin da ke cikin ɗan kashi ko ɗan yankin hanta, kuma sau da yawa sukan fito da ƙwayoyi uku ko huɗu a tsuntsu guda, wasunsu 'yan rakiya ne kawai. Akwai haɗarin a riƙa sanar da sababbin ƙwayoyi a mujallu ba tare da wani ya nuna suna cutarwa ba. Wannan gaskiya ne, kuma misalinsa shi ne ƙaramin bairos mai zagayayyen gado da aka fara bayyanawa a dinyoyin Jamus a 1999, wanda ake samu a tsuntsaye masu ciwo da masu lafiya, ake kuma ganin aikinsa shi ne raunana garkuwar jiki domin wasu cututtuka su samu shiga. Amsar ita ce karatu yana nuna wanda ake tuhuma ne, hukunci kuwa sai an yi gwaji. Masu binciken ciwon farin gishiri ba su tsaya ga haruffa ba. Sun raini ƙwayar a cikin ƙwai, suka sa wa lafiyayyun 'yan tsaki, ciwon ya bayyana kamar yadda aka gani a gonaki, suka sake ciro ƙwayar daga jikinsu. Wannan suka a ƙarshe hujja ce ta a ƙara faɗaɗa aikin, domin ba za a san ƙwayar da ke tare da ciwo kaɗai ba sai an karanta ta masu lafiya ma.

Suka ta uku tana cewa salsalar da ake zanawa hoton inda aka duba ne kawai. Idan ƙasa guda tana karanta dubban samfura, maƙwabciyarta ba ta karanta ko ɗaya, to kowane reshe zai zama kamar daga mai ƙoƙarin ya fito, a bar ta da baƙin jini da takunkumin ciniki. Ita kanta ƙwayar 1996, Guangdong ne inda aka fara kama ta, wanda ba dole ne ya zama inda aka haife ta ba. Masu binciken Najeriya na 2006 ma sun faɗi cewa hanyoyin da rassan uku suka biyo sun dace da hanyoyin ƙaurar tsuntsaye, amma ba su kore yiwuwar ciniki ne ya kawo su ba. Haka nan babu mai duban haruffa ya faɗi ranar da ƙwaya za ta koma yaɗuwa tsakanin mutane, kuma shigar H5N1 cikin nonon shanu ta zo wa masana da mamaki. Duk wannan na amince da shi, kuma ya kamata masu bincike su riƙa faɗin iyakar abin da suka gani. Amma giɓin da ke cikin taswira ba ya cikewa da rufe ido. Yana cikewa ne idan aka ɗauki samfura a kai a kai daga tafkuna da kasuwanni da wuraren ƙyanƙyasa, musamman daga dinyoyi da agwagi, waɗanda wasu ƙwayoyin ke zama a jikinsu ba tare da sun kwantar da su ba. Wanda ya jira sai gawa ta taru, ƙarshen labarin kawai zai karanta.

Suka ta huɗu ita ce mafi kusa da rayuwar makiyayi, kuma ita ce na fi ɗauka da muhimmanci. Me zai sa mutum ya kira likita ya ɗauki samfur, alhali ya san idan aka samu mura za a hallaka garkensa? A 2006 diyyar farko da aka sanar a Najeriya naira 250 ce kan kowace kaza, ƙasa da farashin kasuwa, kuma duk inda diyya ta gaza, hankalin mai kaya yakan koma ga sayar da su da sauri kafin hukuma ta ji. Ƙasashe ma haka suke yi da bayanai. A 2007 Indonesiya ta daina aika samfuran H5N1 waje, tana ƙorafin cewa kamfanoni na yin allura da su, su sayar a farashin da talakawanta ba za su iya ba. Ƙorafin yana da tushe, shi ya kai ga yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011 kan raba samfura da raba amfaninsu. A ɗaya ɓangaren kuma akwai abin da Ilaria Capua ta yi a 2006, lokacin da samfurin Kaduna ya isa ɗakin bincikenta a Italiya. An nemi ta ajiye karatun a wani rumbun bayanai da ɗakunan bincike ƙalilan ne ke da mabuɗinsa, ta ƙi, ta sa shi a GenBank inda kowa ke iya ɗauka, kuma muhawarar da ta biyo baya tana cikin abin da ya haifar da rumbun GISAID a 2008. Darasin biyun ɗaya ne. Bayani yana gudana ne inda mai bayarwa ya tabbata ba za a hukunta shi saboda gaskiyarsa ba, kuma zai ci moriyar abin da ya bayar.

Akwai kuma masu fargabar cewa baje gadon ƙwayoyi masu kisa a intanet tamkar miƙa makami ne ga mugu. An yi zazzafar muhawara a 2011 da 2012 lokacin da masu bincike a Holan da Amurka suka sauya ƙwayoyin murar tsuntsaye nau'in H5 a ɗakin gwaji har suka iya yaɗuwa ta iska tsakanin dabbobin gwaji. Irin wannan aiki ya cancanci tsauraran sharuɗɗa. Amma ƙirƙirar ƙwayar da babu ita dabam, karanta wadda ta riga ta cika tafki da kasuwa dabam. Ɓoye karatun ta biyun ba ya rage ta ko da ƙwaya ɗaya, likitoci da masu haɗa allura kawai yake makantarwa.

Idan aka auna duka, abin da ya kamata a yi a bayyane yake. Ƙasashen da ke da manyan garkunan dinya, Sin da Hungari da Poland da makamantansu, su ne ke da nauyin farko na ɗaukar samfura a kan kari, daga masu ciwo da masu lafiya, su karanta gadon gaba ɗayansa maimakon gutsure guda, su haɗa shi da bayanin wuri da rana da shekarun tsuntsu, su kuma fitar da shi cikin makonni, ba sai an jira wallafa a mujalla ba. Ƙasashen da cutar ke isowa daga nesa, irin Najeriya da Nijar, suna buƙatar cibiyoyinsu, kamar Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, su samu kayan aiki da kuɗin gudanarwa na dindindin, domin a daina jiran annoba da tallafin waje kafin a karanta abin da ke yawo a kasuwannin tsuntsaye. Duk wannan kuma ba zai tsaya ba sai an biya makiyayi diyya mai kyau a kan lokaci, an kuma mayar masa da sakamakon gwajin da aka yi a kan tsuntsayensa cikin harshen da yake ji, tunda shi ne ke fara ganin ɗan tsako ya ƙi cin abinci, kuma shi ne zai yanke shawarar ko ya kira likita ko ya yi shiru.